Farin Garin da Na Kaɗa a Kicin ɗin Lorraine

Anti Hilary, kullum ina karanta shawarwarinki a jaridar nan, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, ni dai kaina ya ƙulle.

Shekarata sittin da uku, na yi ritaya daga tuƙin bas, kuma tun ina saurayi ba ni da wata jaraba sai kamun wani babban kifin tafki da ake kira "kaf" da Turanci. Kin san halinmu: mu kama, mu auna, mu ɗauki hoto, mu mayar da shi ruwa. A tafkin ƙungiyarmu akwai wata tsohuwar kifanya da muke kira Mabel, shekara tara ina bin ta, ta ƙi ni ƙememe. Ƙasan tafkin duk laka ce da ciyawa, abincin ƙugiya in ya nutse ya ɓace ke nan. Sai abokina Clive, wanda bakinsa ya fi fatsarsa aiki, ya ba ni wani farin gari a leda, wai mitsi-mitsin ƙwallayen gilashi ne masu iska a ciki, in ka cuɗa da semolina da ƙwai curin zai riƙa tasowa saman lakar. Gaskiyarsa, yana tasowa. Ya ce in sa takunkumi, na yi masa dariya na ce ni ba likitan tiyata ba ne.

Ga inda na yi ɓarnar. Matata Lorraine ta daɗe da hana ni haɗa abincin kifi a kicin saboda ƙarni, na kuma yi mata alkawari. To, rumfar da ke bayan gidanmu, inda ya kamata in riƙa haɗawa, sanyi gare ta, ba lantarki. Sai na koma sa ƙamshin abarba maimakon na kifi, don kada ƙarni ya tona ni. Duk Talata in ta tafi aikin sa kai a shagon coci, sai in shige kicin, in rufe tagogi kada iska ta kwashe mini garin, in kaɗa da injinta na kek. Anti, garin nan ya fi hoda laushi, kana buɗe ledar yake tashi, kana ganinsa yana yawo a hasken taga. In na gama in goge da busasshen tsumma, in shanya curin a kabad ɗin tankin ruwan zafi, bayan tawul. Har yabo take yi, wai kicin na ƙamshi ran Talata. Wata bakwai ina wannan aika-aika.

Lorraine tana da asma tun tana yarinya, amma ta daɗe da lafawa. Yanzu wata uku ke nan tana tari, in za ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango. Makon jiya na raka ta wurin likita. Ya tambaya ko ana wani aiki mai ta da ƙura a gidan. Ta ce babu, ta juyo ta dube ni, ni kuma na gyaɗa kai. Wallahi gyaɗa kai na yi. Yanzu kyanwarta take zargi, tana kuka tana neman wanda zai karɓe ta.

Alhamis za a yi mata hoton ƙirji da gwajin numfashi. Na daina, ledar tana but ɗin mota. Clive ya ce in jefar in ja bakina, wai watakila ma ba garin ba ne. Shekara talatin da takwas da aurenmu ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba. Tsoro nake ji, kunya ma ta fi tsoron. In faɗa, ko in jira in ga ko tarin zai wuce?

Mai Fatsa, Peterborough

Mai Fatsa, ka faɗa mata yau. Kada ta fara jin zancen a gaban likita.

Ni ba likita ba ce, kuma Clive na iya yin gaskiya a abu ɗaya: watakila ba garin ba ne, asma takan dawo da kanta. Na kuma yarda ba da mugunta ka yi ba. Amma ba kai da Clive za ku yanke wannan hukuncin ba. Gari mai laushi haka ba abin shaƙa ba ne ga mai lafiya ma, balle mai asma, kuma likitan da aka ɓoye wa gaskiya zai yi ta lalube a inda ba nan ba.

Kada ka jefar da ledar. Ka ɗaure bakinta sosai ka tafi da ita asibiti, in ba rubutu a jikinta Clive ya nemo sunan abin daga inda ya saya. Ka rubuta tun yaushe ka fara da yadda kake kaɗawa. Kicin da kabad ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma lokacin da ba ta gida, tagogi a buɗe, takunkumi a fuskarka, tawul kuma a wanke su duka. Kai ma a duba ƙirjinka. Kyanwa ta zauna tukuna. In numfashin ya tsananta kafin Alhamis, kada ku jira.

Za ta yi fushi, kuma da gaskiyarta. Kada ka kawo mata zancen sanyin rumfa. Saɓa alkawarin kicin ƙarami ne, abin da zai ƙona mata rai shi ne ta dube ka a gaban likita ka bar ta cikin duhu, don haka da shi za ka fara. Ajiye jaridar nan ka je ka same ta. Allah ya ba Lorraine lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Anti Hilary