Abin da Na Ɓoye a Jikin Bututu

Fort Kent, 10 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Solange,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, karatun jinya bai ramar da ke ba. Mama lafiya. Kaka ma lafiya, sai dai gwiwarsa da bakinsa, babu mai hutawa a cikinsu. Dusar ƙanƙara ta fara sauka tun Talata.

Yaya, akwai wata magana da nake son gaya miki. Baki ya kasa, bari in gwada alƙalami.

Ranar Asabar Kaka ya yi wankin bututunsa na shekara. Kin san yadda yake yi: ya cusa tsofaffin jaridu da kwalaye a murhun falo, ya cinna, wuta ta bi bututun hayaƙin tana ruri har harshenta ya leƙo ta saman rufi. Shi kuwa yana waje da hannu a ƙugu yana cewa, "Haka ubana yake ƙone kunkunniya. Gidan Daigle bai taɓa kiran mai sharar bututu ba."

To ga sirrina. Tun bara da Kaka ya tsinci littafina na soyayya ya karanta shi a kan tebur da muryar mata, har Kawu Normand ya ƙware don dariya, na rantse ba mai sake ganin ko bangon ɗaya. A cikin kabad ɗin ɗakina akwai wani katako da ke cirewa, bayansa jikin bututun ne. Nan nake jera littattafaina na soyayya, ashirin da uku.

Ranar Lahadi na zare katakon, sai ƙauri ya doke ni. Guda huɗun da ke jingine da bulo sun koma launin gasasshen burodi, ɗaya ma shafukansa na ƙarshe sun zama gawayi. Azarar da ke gefe ta yi baƙi ƙirin.

Yanzu dai injin ɗumama gida ne ke aiki, ba a taɓa murhun. Amma Asabar mai zuwa Kaka zai kunna wutar farko, lokacin Bikin Godiya kuma, da dangi ke taruwa a ƙarshen wata, kwana uku za ta yi ba a kashe ta ba. A ɗakina za a sauki Anti Ginette da jaririyarta. In na yi shiru, tsoron abin da zai faru nake yi. In na yi magana, sai na fito da littattafan gaban kowa. 'Yan matan cikin littattafaina ba sa shakkar kowa, ni kuwa ko mai kawo wasiƙa ne ya gaishe ni sai kunnuwana su yi ja.

Don Allah kada ki gaya wa Mama. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Noella


16 ga Nuwamba

Yaya Solange,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Amsarki ba ta iso ba tukuna, kuma gara haka, don ina so ki san ba wanda ya tura ni.

Jiya da safe na ji Kaka yana jera itace a murhu yana fito. Na kinkimi kwalin littattafan na sauko, na dire shi a tsakiyar falo.

Ya waiwayo ya ce, "A'a, yau ɗakin karatu ya biyo mu gida?" Ya zaro ɗaya, ya ƙura wa bangon ido. "Wannan bawan Allah, wa ya sace masa riga a wannan sanyi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na miƙa masa ƙonannen, na ce a jikin bututu yake, a bayan kabad ɗina.

Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "'Yar tsana, zafin soyayyar ciki ne ya cinye shi. Bututun nan ubana ya gina shi, shekara saba'in bai yi ko tari ba." Sai ya zaro ashana.

Yaya, ban san lokacin da na yi ba. Na wuce ta gabansa, na sunkuya, na shiga cikin murhun na zauna daram a kan itacen, da sabuwar rigar sanyina mai ruwan madara. Na ce, "To kunna, Kaka."

Mama ta fito daga kicin da cokali a hannu. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta haye sama zuwa ɗakina. Da ta sauko, yatsunta baƙi, fuskarta ba jini. Ta ce, "Baba, ajiye ashanar nan." Kin taɓa jin Mama ta yi masa wannan murya? Ya ajiye.

An kira mai gyaran bututu, za a zo Laraba. Kaka bai yi mini magana ba tun jiya. Rigar kuma toka da kunkunniya sun gama da ita.

Taki,
Noella


22 ga Nuwamba

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da murna. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau uku. Mama ta ce ki taho da safar hannu masu kauri.

Kada ki yi mini dariya: na ƙawata mai gyaran nan a raina, dogo, mai shiru-shiru, mai tabo a gira. Da motar ta tsaya, sai ga Madam Bouchard, gajeruwa, shekarunta sun haura sittin, tana taunar cingam. Ashe ajinsu ɗaya da ƙanwar Kaka.

Ta hau rufi ta zura 'yar kyamara cikin bututun, mu kuma muna kallo a allonta. Bututun yumɓun da ke ciki, wanda ke raba wuta da katakon gida, ya tsage daidai saitin ɗakina, tsagar da yatsu uku za su shige.

Ta kira Kaka da sunansa ta ce, "Armand, har yanzu kana wannan haukan na ƙona bututu? Yumɓu ba ya son zafin farat ɗaya. Kowace shekara kana ƙara buɗe masa baki."

Ya ce, "Ubana..."

Ta ce, "Ubanka sa'a ya ci, ba dabara ba. Wa ya gano wannan?"

Kaka ya nuna ni da haɓa. Ta ce, "Yarinya, wuta biyu ko uku ta rage wa gidan nan."

Yini guda ta yi tana farfasa tsohon yumɓun tana kwashewa. Washegari ta kawo sabon bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa, dogo mai lanƙwasa, an naɗe shi da bargon da ba ya cin wuta. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana turawa daga rufi, ɗaya yana jan igiya ta cikin murhu. Kaka ya miƙe, ta ce, "Da wannan gwiwar? Ba ni waccan, na ji ta saba zama a murhu."

Ni na ja shi, Yaya! Tana ihu daga sama, "Ja! Tsaya! Ja kaɗan!" Ni ma ina mayar mata da ihu, ni da ba a jin muryata a aji. Kunkunniya ta cika mini gashi. Da bakin ƙarfen ya sauko ya zauna a mazauninsa, ban taɓa jin kaina da tsawo haka ba. Azarar ma an canza ta.

Kin san tun da aka gina gidan nan babban namiji ne ke kunna wutar farko. Da yamma Kaka ya durƙusa gaban murhu, ya daɗe yana juya ashanar, sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Karɓi. Hannuna ya yi sanyi." Na kunna. Hayaƙin ya miƙe sama sumul. Na ruga na dafa bangon kabad ɗina, sanyi ƙalau.

Littattafan yanzu suna falo, a kan kantar da ya kafa musu jiya, nesa da murhu. Yau da hantsi na tarar da shi a kujerarsa, tabarau a kan hanci, ƙonannen nan a hannunsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ke 'yar tsana, ƙarshen ya ƙone. Ta auri matuƙin jirgin ruwan, ko wancan shashashan mai gona?"

Na ce sai ya yi alkawari ya daina wankin bututu da wuta. Ya yi, har da ɗaga hannu. Sannan na ja kujera kusa da shi na ba shi labari.

Ki zo da wuri. Gidan da ɗumi, kuma ni na ja igiyar.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Noella Daigle