Fitilar Fatouma

Asabar, 5 ga Oktoba 2024
Fatouma ta gama fitilar da take haɗawa tun da aka rufe jami'a. Doguwar wuya gare ta kamar zalɓe. In an yi magana sai ta ɗago ta juyo wajen mai maganar, haskenta ya ƙaru. In an yi shiru ta sunkuya, kamar mai jin barci. Tubarkalla, hannun yarinyar nan! Ta so ta zana mata idanu, na ce a'a, gidana ba a yin siffar mai rai. Ta ce, "Inna, waya ce fa da ƙarfe." Na ce ai na gani.

Litinin, 7 ga Oktoba
Ta ajiye ta kusa da gadon babanta. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye a wajen gini a Tamanhint. Likita ya ce in bai riƙa motsa harshe ba, maganar za ta tafi ke nan. Shi kuwa kunyar yadda take fita yake ji. Ko ni ba ya ce wa komai.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Na tayar da kabbarar la'asar, sai ga fitilar ta juyo ta ƙura mini haske, kuma ta gabas take. Na sallame, na lulluɓe ta da zane, na sake sallar. Malam ya yi wani sauti. Ina jin dariya ce.

Laraba, 16 ga Oktoba
Na mayar da ita bayan sallaya. Shi ke nan.

Talata, 22 ga Oktoba
Ina tankaɗe da hantsi na ji shi: "Ke... taso." Fitilar ta taso. Ya yi shiru har ta sunkuya, ya sake. Ya fi sau goma. Ba ta ce "me ka ce?" ba, ba ta yi masa fuskar tausayi irin tawa ba. Ban shiga ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba
An ɗauke wuta a duk unguwarmu ta Abdulkafi tun azahar. Malam ya kira fitilar sau biyu, ba ta motsa ba. Can sai na ji ya kira sunana, "Kal... toumi." Na saki ludayi. Ruwa kawai yake so, amma mun yi hira har la'asar, rabi ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Da wuta ta dawo ta ɗago kai. Wai na ce mata sannu da zuwa, in ji Fatouma. Ni dai ban tuna ba. Astagfirullah.