Ni ne mutumin da ya tsaya a kan jinga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu kacal suka rage mini.

Ni ne sakataren wata gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni da ƙauyuka a ƙasar Haɗeja. Ba ta gwamnati ba ce, babu mai albashi a cikinmu. Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, shi da abokansa suka kafa ta tun ina firamare, lokacin da idan an gama yankan shinkafa samari ke share fili su kafa gora biyu a matsayin raga. Daga baya ta samu tsari. An raba ta rukuni biyu, 'yan tudu, wato unguwannin cikin gari, da 'yan tsallake, ƙauyukan da sai an yi fito kafin a je. Kowane rukuni yana fitar da ƙungiya biyu, su haɗu a wasan kusa da na ƙarshe. Kowace ƙungiya tana da dattijo ɗaya a kwamiti, Baffa ne shugaba har yau, duk da idonsa ya yi rauni.

Tun farko akwai wata al'ada da ba a taɓa rubutawa ba. Idan 'yan tsallake suka makara, amma wani daga cikin jami'an wasa ya hango kwalekwalensu a kan ruwa, to sun zo ke nan, ko magariba ta kawo kai sai an jira su, ko a ɗage wasan. Da aka ba ni sakatare, ni na matsa aka rubuta dokoki a takarda, domin na gaji da rigimar wane ya ce wane ya ce. Na rubuta cewa ƙungiyar da ba ta shiga fili ba minti talatin bayan sallar la'asar ta yi asarar wasa. Maganar kwalekwale ban saka ba. Na karanta wa dattawa, suka sa hannu, babu wanda ya lura, saboda a wurinsu wannan ba abin rubutawa ba ne.

Mako biyu da suka wuce, ƙungiyar unguwarmu, wadda ƙanina ke yi wa kyaftin, za ta kara da wani ƙauyen tsallake a wasan kusa da na ƙarshe. Aka yi la'asar ba su iso ba. Na hau jingar da aka yi don tare ambaliya, ina neman sabis in kira kocinsu. Daga nan na hango su. Kwalekwalen ya maƙale a cikin ciyawar kacala, 'yan wasa sanye da jesinsu ruwan ɗorawa, wasu sun sauka cikin ruwa suna turawa, mai fito yana kaɗa mini riga. Na duba agogo, saura minti shida. Na sauko ban ce wa kowa komai ba. Da minti shidan suka wuce, alƙalin wasa ya ce, "Sakatare, ina muke?" Na ce, "Lokaci ya cika." Ya busa usur. Bayan kamar minti ashirin suka iso, jiƙe har ƙirji, 'yan unguwarmu sun riga sun tafi suna ta kiɗa.

Abin da na faɗa wa alƙalin wasa gaskiya ne, rahoton da na rubuta ma babu ƙarya a ciki. Na sha tambayar kaina ko dokar da na rubuta nake karewa ko ƙanina, har yanzu ban samu amsa ɗaya ba.

A zaman kwamiti aka yi zafi sosai. Dattawan tsallake suka ce tun kafin a haifi takarda ake jiran jirgi, na tudu suka ce kowa ya sa hannu da idonsa a buɗe. Aka kira mai fito. Ya ce ya ga mutum a kan jinga da shuɗin kaftani, ya tsaya yana kallonsu, amma rana tana bayansa bai gane fuska ba. Wani dattijo daga tudu ya ce masu shuɗin kaftani a garin nan sun fi kifin kogi yawa, aka yi dariya. Ni nake rubuta bayanin zaman, na rubuta wannan ma.

Hukuncin da Baffa ya yanke shi ne, idan mutumin jami'in wasa ne, za a sake buga wasan, idan ba a same shi ba, sakamako ya tsaya. 'Yan tsallake suka ce in ya tsaya, su kuma sun fita daga gasar gaba ɗaya, za su kafa tasu. Sai Baffa ya juyo wajena ya ce, "Sakatare, kai na sani ba ka kwana-kwana. Je ka nemo mana mutumin nan."

To yau kwana goma ina neman kaina. Na je wurin masu gadin shinkafa a bakin jinga na yi tambaya, don kada a ce ban yi komai ba. Ƙanina kullum sai ya biyo gida da zancen wasan ƙarshe, jiya ma cewa ya yi, "Yaya, ka bar wahalar da kanka, aljanin kogi tsohon mai fiton nan ya gani." Matata kuwa ta ninke shuɗin kaftanina ta sa a ƙasan akwati, da na kalle ta sai ta ce, "Ai ya koɗe ne, Malam."

Ga yadda na auna abin. Idan na yi shiru, gasar da Baffa ya ba rayuwarsa za ta rabe biyu yana raye, kuma zai mutu yana zaton na nema ban samu ba. Idan na faɗa, za a sake wasa, amma 'yan tsallake za su san sakataren gasa da kansa ya gan su a cikin ruwa ya juya baya, ba ni da tabbacin za su sake yarda da wani ɗan tudu. Unguwarmu kuwa, a nan nake sallah, a nan 'ya'yana ke wasa. Na yi tunanin ajiye muƙamin kawai, sai na ga hakan bai sake wasan ba, bai kuma hana kowa fita ba.

Jibi Asabar bayan azahar za a zauna. Baffa ya aiko cewa ni zan ɗauko shi a babur, daga gidansa zuwa wurin taron tafiyar minti sha biyar ce, kuma na san tun kafin mu fita daga lungunsu zai dafa kafaɗata ya tambaye ni me na samo. In faɗa masa a hanya, in bar tsoho ya shiga taron da nauyin a kansa? Ko in ce masa ya bari sai mun isa, in miƙe a gaban kowa? Masu cewa in yi shiru, ku ma ina saurarenku, amma ku haɗa mini da abin da zan ce masa a kan babur ɗin.