Yayan Matata Ya Ce In Rufe Bakin Suwic

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni teknisiyan ne a wata kilinik a nan Maraɗi, ni ke kula da injin da ke ajiye hotunan ƙirji da sakamakon gwajin marasa lafiya. Tsakanin injin da ofisoshin likitoci akwai wani akwati da muke kira suwic, kowane kabul da ƙofarsa. Na saita shi yana ƙirga kurakuran kowace ƙofa, in sun wuce iyakar da na sa sai ya aika gargaɗi a salular Alhaji mai kilinik, don shi mutum ne mai son komai ya biyo ta hannunsa.

To kwanan nan ƙofa guda ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Na goge bakin kabul, na canza ƙofa, kuskuren ya bi kabul ɗin. Kabul ɗin kuwa yayan matata ne ya shimfiɗa shi, shi ya kawo ni aikin nan, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Ya lanƙwasa shi a kusurwar bango kamar igiyar shanya, alhali irinsa gilashi ne a ciki. Sabo kuma babu a gari tunda aka rufe iyakar ƙasa.

Ranar Juma'a salular Alhaji ta yi ta ƙara a sahun gaba, liman na huɗuba, mutane na waiwaye. Ya dawo a fusace, ya ce ko in faɗi abin da ya lalace da wanda ya lalata, ko in nemi wani wurin. Na ce ina bincike.

Da yamma Yaya ya zo gidana a Sabon Gari, ko ido ban iya ɗagawa ba, kun san suruki. Ya ce abin ai ba wuya, in ɗaga iyakar kurakuran can sama yadda suwic zai yi shiru, in hanya ta buɗe ya canza kabul ba wanda ya ji. Na ce kuskuren ba zai tafi ba, mu ne kawai za mu daina jinsa. Ya ce au, yau ni zan koya masa aiki? Matata na bayan labule tana ji, tun ranar tuwo kawai take ajiye mini, ba magana.

Wallahi na so in bi maganarsa. Sai jiya aka kawo wata tsohuwa daga Tsibiri, hoton ƙirjinta ya ƙi buɗewa a gaban likita saboda kabul ɗin, aka ce ta koma ta dawo. Na gan ta a bakin titi tana tari, ana ɗora ta bisa kabu-kabu.

Gobe Alhaji ke jiran amsata. In ambaci sunan Yaya a kore shi, gidana ya kama da wuta? Ko in ɗaga lambar, aikin ɗan yatsa ne, ba mai sani sai ni da Allah? In ku ne, wanne za ku iya kwana da shi?