Fiton da Bai Ji Ba a Gadar Kwangila

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Na san rubutu ba ya isa inda kike. Amma tun da kika tafi ban sami wanda zan durƙusa a gabansa in yi magana ba tare da na tauna ta ba. Masu leƙen wannan wasiƙa su yi mini uzuri, da uwata nake.

Ranar wata Asabar ce, Inna, muna dawowa daga barka a hanyar Kano, ni da surukinki, a tsohuwar motarsa mai shan dizal. Kin san ta. Ita ce wadda kike jin ƙararta tun daga kan kwana ki ce mini, "Tashi ki sa mayafi, ga injin niƙanku nan ya iso." Muna fara hawa gadar Kwangila ya taka totur, sai motar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Wani ɗan acaba ya wuce yana tambayarsa ko gawayi yake toyawa. A cikin wannan hayaniyar na ji wani siririn fito daga gaban motar, irin na butar shayi idan ta tafasa. Yana taka totur fiton ya tashi, yana ɗaga ƙafa ya mutu.

Na tambaye shi mene ne ke fito haka. Bai amsa ba. Na taɓa hannunsa na maimaita. Ya juyo ya kalli bakina, ya ɗan karkata kai wajen inji, sannan ya ce babu abin da ke fito, littattafaina ne suka cika mini kunne da sarewa. Muka yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba.

Inna, kin san wanda nake aure. Duk garejin da ke Tudun Wada an san shi da kunne. Kunnen Zomo abokan aikinsa ke kiransa. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon mota kafin a kwance noti ko ɗaya. Lokacin da yake zuwa zance yana zaure yake gane takuna daga na yayata. Mutumin nan ne ya ce babu fito, alhali fiton yana shiga har cikin haƙorana.

Daga wannan ranar abubuwan da na ajiye a matsayin soyayya suka fara dawo mini da wata fuska. Watanni ke nan idan ina magana yake zuba wa leɓɓana ido. A littattafan da nake karantawa haka jarumi yake kallon matarsa, har marubuciyar ta cika shafi guda a kai. Na ƙara jan baki saboda wannan kallon, Inna. Na gaya wa ƙawata ta Gyallesu cewa nawa mijin har yau bai gaji da kallona ba. Ashe maganata yake tsinta da ido. Ranar Juma'a bayan la'asar nakan karanta masa labari, yana kwance a tabarma yana yi wa jaruman ba'a, yana cewa duk mai irin wannan doguwar mota a labari bai san inda ake duba baƙin mai ba. Kwanan nan ba'ar ta ragu. Sai na yi dariya yake yi, kuma tasa tana zuwa a makare. Na ɗauka gajiya ce.

Ya tasa motar a gaba da gyara. Ya canja filtar mai, ya canja ta iska. Ya cire nozul masu fesa mai ya kai aka wanke. Ya fara zargin famfon dizal. Kullum ya dawo da hannu baƙi ƙirin da fuska a murtuke, ya ce wannan mota ta raina shi. Kullum kuma idan ya tayar da ita ya fita, ina tsakar gida ina jin fiton yana bin sa har ya sha kwana. Ban san ciwon mota ba, amma na san amsar tana cikin wannan ƙarar, kuma na san da a bara ne da tuni ya gama da ita kafin shayinsa ya huce.

Na rasa yadda zan yi. Ke kika ce mini ranar da za a kai ni, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Kika ce mace ba ta nuna wa mijinta inda rigarsa ta yage, sai dai ta ɗinke yana barci. To Inna, wannan da wace allura ake ɗinke ta? Kunnen nan shi ne sana'arsa, shi ne sunansa a cikin mutane. In na ce masa ba ya ji, kamar na ce masa ya tashi daga aiki ne. In na yi shiru, yana hawa titi kullum tsakanin tireloli, kuma na taɓa ganin wata ta danna masa ham a bayansa bai ko motsa ba sai da ya hango ta a madubi.

Abin da na iya kaɗai shi na yi. Wata Juma'a na buɗe littafi a cinyata, na zauna daidai gabansa, na ƙago babin da babu shi a ciki. Na ce jarumin ya ɗauko amaryarsa a wata tsohuwar mota mai dizal, suna hawa tudu motar ta rasa ƙarfi, tana baƙin hayaƙi, tana kuma fito duk lokacin da ya taka totur. Ban kai ƙarshen jimlar ba ya tashi zaune, idonsa ya kawo haske irin na da. Ya ce wannan marubuciyar ta taɓa zama a gareji. Ya ce iska ce ke zurarewa. Ya yi mini bayani da hannuwa, cewa turbo yana tura iska da ƙarfi, iskar tana bi ta wani abu mai kama da ƙaramin lagireto a gaban mota, intakula, ta huce kafin ta shiga inji. Idan ya huje ko tiyonsa ya tsage, iskar ta gudu a hanya, mai ya yi wa inji yawa, shi ne hayaƙin, shi ne rashin ƙarfin, fiton kuma kukan iskar ne tana fita.

"Ai ko yaron gareji ya ji wannan fiton ya gama aiki," in ji shi.

Na ga maganar ta koma ta same shi a inda yake zaune. Ya dubi littafin, ya dubi bakina, ya dubi ƙofar gida inda motar take. Bai tambaye ni shafi na nawa ba ne. Ya ce in ci gaba da karatu, na ci gaba, ban san abin da na karanta ba, shi ma na san bai bi ba.

Washegari bai kai motar gareji ba. A ƙofar gida ya buɗe bonet, ya cire ragar gaba, ya kira ni in riƙe masa noti. Ya nuna mini kusurwar intakular ta ƙasa, inda baƙin mai ya yi danshi ƙura ta manne a kai ta zama kamar kwalli. Ya ce iska idan tana fita takan fito da ɗan mai, shi ne shaidarta, kuma ya kalli wurin nan sau da yawa bai tsaya ba don ba nan hankalinsa yake ba. Ya kwance kilif-kilif ɗin da ke matse tiyo, ya zare tiyo biyu, ya shigo da intakular tsakar gida a rungume. Na gane dalilin. A gareji da an tambaye shi yadda Kunnen Zomo ya kwana biyu yana wanke nozul a kan motar da ke fito.

Bahon wankina ya ara, babban nan da kika saya mini a cikin kayan ɗaki. Ya toshe baki ɗaya da tsohuwar roba ya ɗaure tam, ɗaya bakin ya haɗa masa kan tib ɗin taya, ya miƙo mini famfon keke. Ya ce in buga a hankali, kada iska ta yi yawa ta ƙara ɓarna. Ya nutsa abin a ruwa. Ina bugawa na fara jin siririyar ƙarar tun kafin komai ya bayyana, na kuwa cije leɓe na yi kamar ban ji ba. Shi ruwan ya zuba wa ido. Can sai ga kumfa tana tasowa a jere daga wannan kusurwar, ƙanana, ba ta yankewa. Ya sa yatsa a wurin ya daɗe bai ɗaga ba. Tsaguwar ba ta kai tsawon farce ba. Ya ce wataƙila dutse ne ya buge ta a hanya.

Ina tsugune a gefensa, hannuna a kan famfo, kafaɗarmu na gugar juna, kuma ban taɓa jin na yi nisa da shi kamar lokacin ba. A littafi nan ne matar za ta faɗi magana mai daɗi, mijin ya riƙe hannunta, babi ya ƙare. Na lalubi duk abin da na karanta tun ina 'yar makaranta, ban sami jimla ɗaya da za ta yi mini amfani ba.

Sauran aikin bai ba shi wuya ba. Ya kai wa mai waldar alminiyam a Tudun Jukun aka like tsaguwar. Ya wanke cikin abin da kananzir, ya shanya shi a rana har ya bushe sarai, ya sake nutsa shi a bahona, ruwa ya kwanta lif. Tiyo ɗaya da ya fara laushi ya canja shi, ya mayar da komai ya ɗaure. Sannan ya ce in sa mayafi in raka shi gwaji. Bai taɓa neman rakiyata gwajin mota ba.

Gadar Kwangila ya nufa. Motar ta haye kamar an rage mata shekaru, babu hayaƙi, babu nauyi. Muna tsakiyar gadar, idonsa a kan titi, ya yi tambayar da murya ƙasa ƙasa.

"Yanzu fa, kina jin wani abu?"

Na girgiza kai don ya gani ta gefen ido. Ya gyaɗa nasa.

Mota ta warke, Inna. Maƙwabta har barka suke yi masa. Ni kuwa tun ranar nake kallonsa yana fita da sukundirebansa a aljihu, ban san me yake ji ba idan ya kafa ta a kunne, ban san ko yana ji ba. Ban san ko ƙarar guduma da janareto ta shekaru ce ta cinye masa ji, ko wani ciwo ne da ake iya tsayarwa. Ban san ko akwai ranar da zan kira shi daga ɗaki muryata ta tsaya a bakin ƙofa. Ya san na sani, na san ya sani, muna ta zagaya maganar kamar rijiyar da ba murfi a tsakar gida. Jiya na same shi shi kaɗai yana murza 'yan yatsunsa kusa da kunnen dama, sannan na hagu. Da ya gan ni sai ya yi kamar sauro yake kora.

Da kina nan da na zo na kwanta a ƙafarki kin shafa kaina, ko ba ki da magani. Da kin yi mini faɗan karatun littattafai, kin ce sun sa ina ganin duniya kamar an yi mata turare. Yau da na yarda da ke.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba surukinki lafiya, abin da ya rage masa na ji Ya tsare masa shi. Ni kuma Ya ba ni bakin da ba zai karya shi ba.

Ki yafe mini, wannan karon ba zan iya bin maganarki ba, yagewar ba ta ɗinkuwa a ɓoye. Gobe idan ya karya kumallo zan rufe littafin, in zauna a gabansa inda zai ga bakina, in gaya masa na ji fiton tun ranar farko, in ce ya tashi mu je asibitin kunne tare.

Wassalam.

Autarki,
Bilkisu
Tudun Wada, Zariya