Rasuwar Frau Walburga Zechner, Ta Ƙarshe Cikin 'Yan Amshin Faifan 1952

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Adana Tsofaffin Faifan Opera ta Graz ta samu labarin rasuwar mambarta ta karramawa, mai riƙe da lambar azurfa ta ƙungiya, Frau (wato Uwargida) Walburga Zechner, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar Alhamis, 7 ga Maris, 2024, lokacin da 'yarta Frau Irmgard Haidinger ta bugo waya ofishinmu. Marigayiyar ta cika a gidanta da ke unguwar Gries, tana zaune a kujerarta kusa da taga bayan karin kumallo. 'Yarta ta ce da ƙarfe goma da minti arba'in ne, likita ya rubuta sha ɗaya da minti biyar. Mun kawo duka biyun. Ta rasu tana da shekara casa'in da ɗaya da wata goma da kwana huɗu.

Iya saninmu, ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda muryarsu ke cikin faifan operar nan ta Jamusanci, wato wasan kwaikwayo na waƙa, da aka ɗauka a garinmu daga 14 zuwa 17 ga Janairun 1952, faifan da dominsa aka kafa wannan ƙungiya. Tana da shekara goma sha tara a lokacin, a sahu na biyu na 'yan amshi. Makirufo ɗaya aka yi aikin da shi, a wani zauren aro mai daɓen katako, kuma da yake daɓen na ƙara idan an motsa, mai ɗaukar sauti ya sa 'yan amshi arba'in suka tuɓe takalma, suka yi kwana huɗu suna waƙa da safa cikin tsananin sanyi. Bisa al'adar zamanin, sunan jagoran makaɗa da na manyan mawaƙa takwas kawai aka buga a jikin kwali. Takardar sunayen 'yan amshi kuwa ba a taɓa ganinta ba. Daga baya marigayiyar ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗinka kayan 'yan wasa.

Bara, da ƙungiya ta yanke shawarar sake fitar da faifan, shugabanmu, Farfesa Dakta Alois Strohmaier, ya nemi izinin sa sunanta a littafin da zai fito tare da shi. Ta amsa masa cewa shi Farfesa ne, ya kamata ya iya ƙirga, ita kaɗai ba ta kai arba'in ba. Ko a sa na kowa, ko a bar nata. Tun daga nan, kowace Talata da ƙarfe uku na yamma, aka riƙa kai mata faifan, har zama arba'in da uku, ni sakatare nake rubuta abin da ta tuna. Ta ce kwana huɗu ta yi kanta a sunkuye saboda kunya, don haka ƙafafun mutane ta haddace, ba fuskokinsu ba. Sai ta bi sahu ƙafa-ƙafa, mai jar safa, mai faci a dunduniya, wadda ta aro ta mijinta, har sunan ya faɗo mata. Idan na nemi hujja takan ce, "Ɗana, ajiye biron nan ka ci kek ɗinka. Ina wurin, kai ko ubanka ba a haifa ba."

Ta kawo suna talatin da huɗu, har da nata. Mun tabbatar da ashirin da tara daga littattafan coci da bakin iyalai, biyar muna kan bincike, kuma ba mu kama ta da kuskure ko ɗaya ba. Ranar Talata 5 ga Maris ta ga shafin sunayen kafin a buga, ta gyara rubutun sunaye biyu, ta ce hankalinta ya kwanta.

A madadin shugaba, kwamitin amintattu da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga Frau Haidinger, jikoki uku da tattaɓa-kunne biyar. Ubangiji ya ba marigayiya hutu madawwami, ya ba iyalinta haƙuri da juriya. Za a yi jana'iza ranar Alhamis, 14 ga Maris, da ƙarfe goma na safe a cocin unguwarsu.

Littafin zai tafi maɗaba'a ranar 30 ga Afrilu. Mun bar layi shida babu rubutu, muna roƙon duk wanda yake da masaniya ya tuntuɓe mu kafin ranar. Ga abin da ba mu sani ba:

1. Cikakken sunan mutumin sahun baya da ake kira Bertl.
2. Sunayen wasu mata biyu, ya da ƙanwa, da suke zuwa a jirgin ƙasa daga garin Leoben.
3. Maza biyu na tsakiyar sahu na uku, waɗanda ta ce ba ta tuna su ba, kuma ba za ta ƙaga ba.
4. Sunan matar da ta tsaya a hagunta. Wannan ta san shi sarai, amma sun ɓata tun 1953, kan abin da ba ta faɗa ba. Ta yi alkawarin faɗa mana shi ranar Talata, 12 ga Maris, in ta huce.

Severin Tauschitz
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Adana Tsofaffin Faifan Opera ta Graz
8 ga Maris, 2024