Gashin Wutsiyar Gwamma

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Alhamdulillahi! An ɗauki jikata Nusaiba, ɗiyar ɗana Mas'udu, karatun digiri na uku. Ni da sai da gemuna ya yi furfura na koyi ABCD a ajin yamma a Gusau. Har mai shayi na gaya wa.

Ta ce a jikin kowace halitta akwai wani rubutu da ake gada daga iyaye, kwamfuta ke karanta shi. Na shanunmu za ta karanta, ta gano abin da ya sa wasu ke jure cutar sammore, wasu su faɗi. Abin da take buƙata kawai, gashin wutsiya da saiwarsa. Na ce wannan ai ki bar mini.

Juma'a, 12 ga Yuli

Mun je Furfuri wurin Yari makiyayi, abokina tun ƙuruciya. Ya ba mu fura, ya yi murna, sai da aka ambaci wutsiya.

"Alhaji, boko ya mantar da kai mi aka yi da gashin wutsiya? Da shi aka ɗaure garke da asiri!"

Ban manta ba.

Talata, 16 ga Yuli

Makiyayan Kucheri ma sun ƙi. Labari ya riga mu isa Tsafe. Malamin Nusaiba ya bugo waya, in damina ta wuce ba gashi, wani za a ba gurbin. Ta ce "To, Malam," ta shiga ɗaki. Ba ta ci tuwo ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Ina da saniya guda a garken Yari, Gwamma. Yau a gaban kowa na kama wutsiyarta na tsige, na sa a ambulan ɗin Nusaiba. Yari ya ce za su zuba ido, in ta kwana lafiya kwana biyu, a sake magana.

Kafin mu taho na zagaya na ɗaura wa Gwamma laya a wuya. Ba wanda ya gani, ina jin.

Litinin, 22 ga Yuli

An aiko. Gwamma ta kwanta, ciki ya kumbura.

Talata, 23 ga Yuli

Na kasa karin kumallo. Maimuna, uwargida, ta ce, "Kai da bakinka ka ce camfi ne." Na ce har yanzu haka na ce.

Amma da hantsi sai ga ni a ƙofar ɗakin yarinyar. Ban ma buɗe baki ba ta gane. Ta ɗauko ambulan ta miƙo mini.

"Kaka, in hankalinka zai kwanta, mayar mata."

Shi kaɗai gare ta. Na daɗe ina kallon hannunta. Na ce ruwan alwala na zo nema.

In saniyar nan ta mutu, karatun ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Alhamis, 25 ga Yuli

Na koma Furfuri tare da Nusaiba. Na tarar da Gwamma tsaye tana tuƙa! Ashe gona ta faɗa ta ci ɗanyar dawa. Yari ya ɗura mata man gyaɗa ya kwana kanta.

Na ce, "To ka gaya wa mutane mana."

"Na gaya musu. Ni dai ba ni ƙarya bisa saniya." Ya juya ga Nusaiba. "Ke, likitar wutsiya, taho. Ki fara da bajimin can, shi ya fi ubangidansa hankali."

Shi da kansa ya riƙe mata.

Lahadi, 11 ga Agusta

Nusaiba ta tafi jiya, jaka cike da ambulan. Ta bar mini wasu ba komai ciki in cika mata, na shanun Nahuce ne suka rage. Na iya rubuta suna da shekarun saniya, ajin yamma bai tafi a banza ba.

Na biya na ga Gwamma. Igiyar layar ta tsinke, na tsince ta a ƙasa na sa aljihu. Ban mayar ba. Igiyar ce ba ta da ƙwari, kuma ina sauri.